Gejin Man Babur ɗin Ruwa Ya Daina Faɗin Gaskiya: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Mai mota idan fetur ya yanke masa, sai ya gangara gefen titi ya ɗauki galan. Wanda ke kan babur ɗin ruwa ba shi da gefen titi. Da zarar injin ya mutu, sitiyari ma ya tashi daga aiki, domin ruwan da famfo ke fesowa ta baya shi ne ke juya babur ɗin hagu da dama. Daga nan kuma sai inda iska da igiyar ruwa suka ga damar kai shi. Shi ya sa ba na ɗaukar lalacewar gejin mai a matsayin ƙaramin abu da za a ce bari sai an samu sarari. Gejin da ya mutu murus ma da sauƙi, ka san ba ka da shi. Mai haɗarin shi ne wanda ke nuna maka rabin tanki alhali abin da ya rage bai kai lita biyu ba.

Abin da ke cinye kuɗin mutane a wannan gyara shi ne canki-canka. A sayo sabon geji a ɗaura, shiru. A sayo sabuwar sensa, wato na'urar da ke auna yawan mai a cikin tanki, a buɗe tanki, shiru. Can daga baya a tarar ashe wani ɗan fil ne a cikin soket ya yi kore shar. Hanyar da za mu bi a nan ta awo ce. Ba za ka sayi komai ba sai mita ta nuna maka mai laifi, kuma tanki shi ne abu na ƙarshe da za ka buɗe.

## Abubuwa uku ne kawai

Ko Sea-Doo ne, ko Yamaha WaveRunner, ko Kawasaki Jet Ski, tsarin ɗaya ne. Akwai sensa a cikin tanki, akwai geji ko allon da ke gaban direba, akwai kuma wayoyin da suka haɗa su. Geji bai san komai game da fetur ba. Abin da yake karantawa shi ne turjiyar lantarki da sensa ke aiko masa, wadda ake aunawa da om, mai alamar Ω a jikin mita. Fulota, wato ɗan abin da ke yawo a saman mai, ta hau, turjiya ta canza, allura ta motsa.

Sensa iri biyu za ka tarar. Ta farko tana da siririn hannu na ƙarfe, fulota a bakinsa, ɗaya bakin kuma yana goga wani ɗan faranti mai zane-zanen turjiya. Irin wannan ta fi yawa a babura masu injekta, wato masu fesa wa inji mai ba tare da kafireto ba, inda take maƙale a jikin famfon mai. Ta biyu doguwar bututu ce a tsaye, fulota mai ɗauke da maganaɗisu tana hawa tana sauka a jikinta ko a cikinta, tana kunna wasu ƙananan makunnai da ke jere daga ƙasa zuwa sama. Banbancin na da amfani idan ka zo awo. Mai hannu lambobinta suna tafiya sumul, mai maganaɗisu kuwa tsalle take yi hawa-hawa, kuma wannan tsallen ba lalacewa ba ne.

Sai batun lambobi, wanda nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. A jiragen ruwa gaba ɗaya akwai tsarin Amurka, inda sensa ke ba da kusan om 240 idan tanki wayam ne, om 33 idan cike yake. Akwai na Turai da ke tafiya akasin haka, kusan om 0 zuwa 10 a wayam, om 180 a cike. Amma masu ƙera babur ɗin ruwa ba lallai su bi ko ɗaya ba. Tsofaffin Sea-Doo na shekarun 1990, alal misali, suna ba da kusan om 0 a cike, kusan om 90 a wayam. Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, nemo littafin gyara na kamfani, na ainihin samfurinka da shekararsa, ka rubuta abu uku a takarda: om nawa a cike, om nawa a wayam, da launin wayoyin sensa. Idan babu waɗannan, duk awon da za ka yi lalube ne a cikin duhu.

## Kafin ka taɓa waya ko ɗaya

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan cikin babur ɗin, daidai inda batir da sitata suke. Tururin da bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ba ya isa ya kama da wuta, kuma tartsatsi ɗaya ya wadatar. Babur ɗin ruwa rufaffen akwati ne, yawancinsu kuma ba su da fankar da ke fitar da tururi irin ta manyan kwale-kwale masu inji.

Don haka ka yi aikin a waje ko a wuri mai iska sosai. Cire kujera, buɗe murfin gaba, ka bar shi ya sha iska na 'yan mintuna, sannan ka sunkuya ka sansana can ƙasa. Idan ka ji warin fetur mai ƙarfi, to gyaran geji ya dakata, yoyon mai za ka fara nema. Ban da sigari, ban da fitila mai zafi, ban da na'urar huda ko ta niƙa mai lantarki a kusa. Tukunyar kashe gobara ta kasance inda hannunka zai kai. Duk lokacin da za ka cire batir, negatif ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna bolt da om, 'yar guntuwar waya mai kilif a kowane baki, razista (ɗan ƙaramin abu mai tsayayyen adadin om) ɗaya ko biyu, feshin wanke soket, giris ɗin lantarki, sukudireba da sifana, da wayar hannu don ɗaukar hoto.

## Mataki na farko: tabbatar ƙarya yake yi

Ba kowane geji mai rawa ne ya lalace ba. Tankin babur ɗin ruwa ba murabba'i ba ne, an ƙera shi ne ya bi siffar jikin babur ɗin, don haka allura na iya daɗewa a sama sannan ta faɗo da sauri. Idan gaban babur ya ɗaga yayin gudu, mai na komawa baya, karatun ya canza. Allo mai lambobi kuma da gangan aka sa masa jinkiri don kada ya riƙa bin kowace girgiza, shi ya sa wani lokaci yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya nuna man da ka zuba.

Daidaita tirela babur ɗin ya zauna a miƙe, ka duba man da idonka. Yawancin tankunan farar roba ce, idan ka haska tocilan mai batir ta bayan tankin za ka ga inda man ya tsaya. Kwatanta da abin da geji ke faɗa, sannan ka lura da irin ƙaryar, domin kowace iri tana nuna wani wuri daban.

A tsarin da ƙaramar turjiya ke nufin cike, irin na Amurka da na tsofaffin Sea-Doo, gejin da ya kafe a wayam yana nuna waya ta yanke, soket ya saki, ko fulota ta nutse. Wanda ya kafe a cike yana nuna wayar sensa ta goge tana taɓa negatif, ko fulota ta maƙale a sama. A tsarin Turai sai ka juya maganar waya, ta fulota kuwa ba ta canzawa. Idan allura na tsalle ba gaira ba dalili, ka fi zargin sakakken haɗi. Idan kuma daidai take har zuwa wani wuri sannan ta rikice, kullum a wuri ɗaya, sensa ce ta cinye a wannan gurbin.

## Mataki na biyu: batir da fis

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma kada ka tsallake shi. Sa mita a kan bolt na DC ka auna batir bayan ya huta. Lafiyayye cikakke zai ba ka wajen bolt 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.2, rabin caji ke nan, ka caja shi kafin ka ci gaba, domin allo mai lambobi na yin abubuwan mamaki idan wuta ta yi ƙasa. Idan inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya haura 15 alama ce na'urar daidaita caji ta lalace, kuma ita kaɗai tana iya rikita geji, ta ƙona wasu abubuwan ma.

Girgiza kan batir da hannu, kada ya motsa ko kaɗan. Sannan ka ciro fis ɗin da ke ba geji wuta ka auna shi da mita, kada ka dogara da kallo, domin fis na iya tsagewa a inda ido ba ya gani. Tambaya ɗaya za ta taimake ka a nan: sauran abubuwan da ke kan allon suna aiki? Idan komai ya ɗauke, matsalar wuta ce ko negatif na allon. Idan gejin mai kaɗai ne, wuce gaba.

## Mataki na uku: raba aikin gida biyu

Nan ne gizo ke saƙar, kuma idan mataki ɗaya kaɗai za ka riƙe a wannan jagora, to wannan ne. A saman tanki akwai soket inda wayoyin sensa ke haɗuwa da wayoyin babur. Idan ka zare shi, ka raba tsarin biyu ke nan. Ɓangare ɗaya sensa ce ita kaɗai, ɗaya ɓangaren kuma waya da geji. Kowanne za ka iya gwada shi shi kaɗai ba tare da ka kwance noti ko ɗaya na tanki ba.

Kafin awo, kalli soket ɗin da kyau da haske. Fil ɗin ya kamata su yi fes. Kore ko fari-fari kamar gishiri ya bushe a kai, alamar ruwa ya shiga ce. Duba ko wani fil ya koma baya ya fi sauran gajarta, ko ramin da yake shiga ya buɗe baki ya daina kamawa. Ja kowace waya a hankali ta bayan soket. Wadda ta miƙe kamar roba, tagullar cikinta ta riga ta yanke, bawon ne kawai ke riƙe da ita. A tsarin da gaba ɗayansa om 90 ne, tsatsar da ta ƙara om 20 kacal ta isa ta sa cikakken tanki ya riƙa nuna kashi uku cikin huɗu.

Yanzu gwajin geji. A ɓangaren wayoyin babur, ba na tanki ba, nemo wayoyin sensa guda biyu. A tsofaffin Sea-Doo ɗaya ruwan hoda ce, ɗayar ruwan hoda mai baƙin layi. Farkar da allon: wasu sai ka saka makullin igiya, wato wanda direba ke ɗaurawa a jikinsa, wasu kuma ka ɗan taɓa maɓallin tayarwa sai allon ya kunnu na kusan rabin minti. Duba abin da geji ke nunawa da soket a zare. Sannan ka haɗa wayoyin biyu da guntuwar wayarka na ɗan lokaci. A tsarin da ƙaramar turjiya ke nufin cike, geji zai tashi daga wayam ya tafi cike. Ka ba allo mai lambobi lokaci, kada ka yanke hukunci a daƙiƙa biyu.

Gargaɗi babba a nan. Idan babur ɗinka mai injekta ne, soket ɗin saman tanki yakan ɗauki wayoyi huɗu ko fiye, biyu na sensa, biyu na famfon mai. Kuskuren haɗa wayar famfo mai bolt 12 da wayar sensa na iya ƙona allo ko kwamfutar inji, kuma waɗannan su ne mafiya tsada a cikin kayan lantarkin babur ɗin. Kada ka yi hasashe da launi, duba zanen wayoyi a littafi. Kada kuma ka taɓa ba sensa wuta kai tsaye daga batir.

Ni na fi son gwaji da razista a kan haɗa waya da waya, musamman a sababbin babura, domin wasu allunan suna ɗaukar haɗin kai tsaye a matsayin matsala, su ƙi motsi ko su fitar da lambar kuskure. Razista kuwa tana kwaikwayon sensa mai lafiya. A tsarin om 90, saka mai om 47 tsakanin wayoyin biyu, geji ya kamata ya tsaya wajen rabi. A tsarin 240 zuwa 33, mai om 100 ce za ta ba ka wajen rabi. Idan geji ya amsa yadda ya kamata, ka fitar da shi daga zargi, shi da wayoyin da ke tsakani gaba ɗaya, da gwaji guda. Laifin na cikin tanki. Idan bai motsa ba, bar tanki ya huta, je ka mataki na biyar.

## Mataki na huɗu: auna sensa tana cikin tanki

Kashe komai. Juya mita zuwa om, ka fara haɗa bakunanta biyu don ganin turjiyar wayoyinta, yawanci om 0.2 zuwa 0.5, wadda za ka cire daga duk abin da ka karanta. Sannan ka ɗora su a kan fil biyu na sensa, a ɓangaren tanki.

Kwatanta lambar da man da ka gani da ido. Idan tanki rabi ne, lambar ta faɗo tsakanin na cike da na wayam. Idan mita ta nuna OL ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, hanyar lantarki ta yanke a cikin sensa. Idan ta nuna ainihin lambar wayam alhali ga mai nan kana gani, lantarkin sensa lafiya lau, fulota ce ke kwance a ƙasa. Ka riƙe wannan banbanci, domin fulota ita kaɗai ana canza ta a samfura da yawa, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na sensa gaba ɗaya ba.

Kana riƙe da mita, sa wani ya girgiza babur ɗin a kan tirela. Lambar ta riƙa motsi tana dawowa. Wadda ta kafe ƙyam tana nuna fulota ta maƙale. Idan kana son hoton gaba ɗaya, fara da tanki kusan wayam, ka riƙa zuba lita biyar-biyar kana rubuta lambar kowane zubi. Jerin lambobin zai nuna maka ainihin inda sensa ke tsallake ko ɗaukewa.

## Mataki na biyar: idan sensa ta fita zargi

Saura waya da geji. Cire negatif na batir, zare soket ɗin bayan allo, ka auna kowace wayar sensa daga wannan baki zuwa wancan. Ƙasa da om 1 ake nema. Yayin da kake awo, bi wayar da hannu kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, musamman inda take wucewa kusa da sandar sitiyari, inda take bin maratayin murfin gaba, da duk inda aka ɗaure ta tam. Waɗannan wurare ne ke motsi kullum, nan waya ke karyewa a ɓoye. Idan lambar ta yi tsalle, yatsanka na kan wurin. Sannan ka auna tsakanin wayar sensa da negatif, dukkan bakunan a zare. Bai kamata a samu haɗi ba sam.

Negatif na bukatar kulawa ta musamman. Jikin babur ɗin ruwa ba ƙarfe ba ne, don haka ba ya mayar da wuta kamar jikin mota. Kowane abu sai da wayarsa ta negatif, kuma yawancinsu sukan taru a noti ɗaya a jikin inji ko a cikin akwatin lantarki. Mayar da soket ɗin allo da batir, kunna allo, sa mita a bolt, baki ɗaya a negatif na batir, ɗaya a wayar negatif ta geji. Abin da ya wuce bolt 0.2 na nufin akwai datti ko sakaci a hanya. Kwance notin, goge har ƙarfe ya yi haske, ɗaure, sannan ka shafa giris a kai.

Idan ka samu wayar da ta yanke, kada ka murɗa ta ka naɗe da salatif, kwana kaɗan ruwa zai shiga. Yanke har inda tagulla ke da haske, domin baƙar tagulla ta riga ta mutu. Yi amfani da wayar jirgin ruwa mai rufin kuza, da mahaɗi mai robar da ke tsukewa da zafi tana fitar da gam. Zafin kuma ka ba shi bayan ka tabbatar babu tururin fetur a wurin.

Sai idan wuta na zuwa, negatif na da kyau, wayoyi lafiya, razista kuma ta kasa motsa allura ko da ka saka ta a bayan allon kai tsaye, sannan ne za ka ce geji ya mutu. Raɓa ko ɗigon ruwa a bayan gilashinsa na ƙara tabbatar da haka. A sababbin babura, saƙon sensa kan bi ta kwamfuta kafin ya fito a allo, kuma ana duba shi da manhajar kamfani, BUDS a Sea-Doo, YDS a Yamaha. Idan awonka ya kai ka nan, kai shi wurin mai wannan na'ura ya fi maka sayen allo a kan zato.

## Mataki na shida: buɗe tanki

Ka iso nan ne kawai saboda mita ta ce laifin na ciki. Rage man da famfon hannu zuwa cikin jarkar fetur, ban da zuƙa da baki, ban da famfon lantarki da ba na fetur ba. Cire batir ɗin gaba ɗaya ka ajiye shi nesa. A mai injekta akwai matsi a cikin tiyo ko da inji a kashe yake, don haka bi yadda littafi ya ce a sauke shi, ka kuma naɗe mahaɗin da tsumma kafin ka zare. Goge saman tanki tsaf don kada yashi ya faɗa.

Ɗauki hoto kafin ka cire tiyo ko ɗaya, ka kuma sa wa kowanne alama. A bututun sensa na tsofaffin Sea-Doo akwai bakuna huɗu masu rubutu a jiki: ON (man yau da kullum), RES (man ajiya), RET (man da ke dawowa tanki) da VENT (numfashin tanki). Idan ka musanya ON da RES, ka rasa man ajiyarka ba ka sani ba, ranar da ka juya makunnin zuwa ajiya sai ka tarar babu komai. Sa alama kuma a kan yadda sensa ke fuskanta, domin mai hannu idan ta juya kaɗan, hannun zai riƙa dukan bangon tanki. Bayan ka zaro ta, toshe bakin tankin da tsumma mai tsabta.

A kan tebur, nesa da tanki, haɗa mita ka motsa fulota a hankali daga ƙasa zuwa sama. A mai hannu, duk inda lamba ta ɗauke ko ta yi tsalle, kalli farantin a daidai wurin. Wani lokaci dattin tsohon fetur ne mai kama da ƙaro, feshin wanke soket da auduga za su fitar da shi. Kada ka sa masa takardar yashi, zanen siriri ne ƙwarai. Idan zanen ya goge har ƙasa, sai canji. A mai bututu, kifa ta ka miƙar, ka saurari fulota tana zamewa ba tare da tsayawa ba.

Sai ita fulotar. Girgiza ta kusa da kunne ko za ka ji ruwa a ciki, ka duba ko maganaɗisunta na nan, domin sukan ɓalle su faɗa ƙasa, kuma idan sun faɗa sai ka nemo su ka fitar. Abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne gwada ta a cikin ruwa. Litar ruwa kilo 1 ce, litar fetur kuwa wajen giram 740. Fulotar da ta sha mai ta yi nauyi za ta iya yawo a saman ruwa lafiya lau, amma ta nutse a fetur. Gwada ta a ɗan fetur cikin gwangwani, a waje. Fetur mai gaurayen etanol, irin wanda ake kira E10, yana saurin lalata tsofaffin fuloti da tsofaffin tiyo. Tunda ka riga ka buɗe, idan ka ga tiyo masu launin toka na asali a tsohon Sea-Doo, ko wani koren abu mai yauƙi a bakunan, canza su duka, domin wannan yauƙin kafireto yake tafiya. Wajen saka sabuwar fulota, ɓangaren maganaɗisu ya fuskanci allon makunnai, in ba haka ba geji zai ci gaba da nuna wayam.

Akwai wata sananniyar matsala a bututun tsofaffin Sea-Doo. A saman allon lantarkin da ke ciki akwai ɗan mitsitsin fis mai alamar F1. Idan ya ƙone, mita za ta nuna OL duk inda fulota take. Wasu sukan yanka 'yar taga a jikin bututun, su haɗe wurin da dalma, su narka roba su rufe. Geji kan dawo aiki, amma ni ban goyi bayan haka ba. An sa fis ɗin ne don kada wuta mai yawa ta shiga wani abu da ke zaune a cikin fetur, wanda ya haɗe shi kuwa ya cire wannan kariya. Sabon bututu ya fi kwanciyar hankali. Ka kuma tambayi kanka me ya ƙona shi tun farko: caji da ya wuce kima, juya kan batir, ko jona babur da batir ɗin mota alhali injin motar na aiki. Idan ba a magance wannan ba, sabon ma zai bi sahu.

## Mayarwa da gwajin ƙarshe

Kafin ka zura sensa cikin tanki, jona soket ɗinta a waje, bakin tanki a toshe, wurin ya sha iska, ka mayar da batir ka motsa fulota da hannu kana kallon geji. Ganin allura na bin hannunka a yanzu ya fi ka gano akwai saura bayan ka ɗaure komai. Sake cire batir, sannan ka mayar da sensa da sabuwar gaskit. Tsohuwar ta riga ta ɗauki siffa, ba za ta sake riƙewa kamar da ba. Ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba, tunda roba ce. Kowane tiyo ya koma bakinsa da kilif mai kyau. A soket kuma, ɗan giris ɗin lantarki a kan robar da ke hana ruwa shiga ya isa.

Gwajin yoyo wajibi ne. Littattafan gyaran tsofaffin Sea-Doo sun ce a toshe tiyon numfashin tanki, a hura iska da famfon hannu har ma'aunin matsi ya kai psi 5, matsin kuma ya tsaya minti 10 bai sauka ba. Duba adadin da naka littafin ya bayar, kada ka wuce shi. Idan ya sauka, shafa ruwan sabulu a mahaɗai ka nemi inda kumfa ke tashi. Kada ka manta ka cire abin da ka toshe tiyon da shi, in ba haka ba tanki zai kasa shaƙar iska, inji ya riƙa mutuwa bayan 'yan mintuna.

Zuba mai kashi-kashi kana duba geji a kowane zubi. Idan za ka tayar da inji a kan tirela da tiyon ruwa, inji ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, wajen kashewa kuma ruwa ake fara rufewa, don kada ya bi ta salansa ya shiga cikin inji. Fitar farko ka yi ta kusa da gaɓa, da tanki cike. Bayan minti 10 ka tsaya, ka ɗaga kujera ka sansana, ka shafa kewayen gaskit da yatsa ko akwai danshi.

Har sai gejin ya yi tanki biyu ko uku yana faɗin abin da ya yi daidai da litar da kake zubawa, riƙa lissafi da agogo, ka kuma bi ƙa'idar masu jiragen ruwa ta kasa mai uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Idan kuma geji ya yi daidai a kan tirela amma ya koma tsalle da zarar babur ya fara dukan igiyar ruwa, to akwai sakakken haɗi da bai nuna kansa a tsaye ba. Koma soket ɗin saman tanki da na bayan allo, ka matse ramukan fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka sake gwajin lanƙwasa waya da mita a jone.